Linzami Ya Fi Ƙarfin Bakin Kaza: Kan Zaɓen Raket Ɗin Badmintin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wani abu da na san masu karatu da yawa za su ce bai kai ya kawo ba. Ba maganar tsadar taki ba ce, ba kuma ta hanyarmu da damina ta cinye ba, ko da yake duk muna da su jibge. Maganar raket ce, abin da ake buga badmintin da shi, wasan da yaranmu a nan suke kira ƙwallon gashi.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Na yi shekara 35 ina riƙe da alli, fiye da rabinsu ni ne mai kula da wasanni, yanzu kuma na koma gona a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim. Na fara riƙe raket a 1981, ina ɗalibi a kwalejin horon malamai, a hannun wani malaminmu na lissafi ɗan Indiya, zamanin da makarantun Arewa suke cike da malamai Indiyawa da 'yan Pakistan. Raket ɗin katako ne, idan an gama wasa sai a matse kansa tsakanin wasu katakai masu sukurori don kada ya karkace. Shi malamin ne ya ba mu labarin cewa sojojin Ingila ne suka raya wasan a garin Puna na ƙasarsu, suka tafi da shi gida, aka laƙaba masa sunan wani gidan sarauta da ke Ingila. Kullum in ya zo nan a labarin sai ya girgiza kai, wai an ɗauke musu kaya an canza suna.

Yanzu mu goma sha wani abu ne muke bugawa a wani tsohon sito da aka daina ajiye taki a cikinsa. Akwai malamai uku, da ma'aikacin asibiti, da tela, da mai faci, da wani dogon birkila, sauran samari ne 'yan makaranta da 'yan acaɓa. Da awon telan muka shata filin, tsawo mita 13.4, faɗi mita 6.1, muka kafa turaku muka ɗaura raga a mita 1.55. Rufin ne bai kai yadda ake so ba, in ka cilla ƙwallo sama da ƙarfi sai ta gaisa da kwano. Amma a garin da iska ba ta neman izini, samun bango huɗu ma arziki ne.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru da ɗan ƙanena bayan kakar da ta wuce.

Yaron nan siriri ne, ɗinkin hula yake yi in ba ya gona, kuma irin hannun da yake ɗinki da shi, da shi yake wasa. A bakin raga ba mu da kamarsa. Zai ɗaga hannu kamar mai shirin sara, ka ja da baya, sai kawai ya shafa ƙwallon ta gangaro a jikin raga kamar ɗigon ƙarshe daga indararo. Da wani tsohon raket nawa yake wannan aikin, wanda fentinsa duk ya goge. Da ya sayar da riɗinsa sai ya shiga mota ya tafi Kano bai ce da kowa komai ba. Da yamma ya dawo sito rataye da baƙar jaka, yana tafiya kamar ango.

"Baffa, taɓa ka ji. Irin na Axelsen ne sak, Astrox 100ZZ. Na gwanjo ne amma na gaske ne. Har na sa an ɗaure min shi a fam 28."

Fam ɗin nan ba kuɗi ba ne, ma'aunin tsaurin ɗaurin tsirkiya ne, wato zaren da aka saƙa a kan raket. Na karɓa na girgiza shi sau biyu, na ji kan yana jan hannuna ƙasa. Na ce, "Kai kuwa ka san tsawon Axelsen ɗin nan?"

"A'a, Baffa."

"Mita ɗaya da santimita 94. In ya shigo sitonmu sai ya sunkuya a ƙofa. Kai fa?"

Ya yi dariya, ya ce ai ba tsawo ke buga wasa ba. Na yi shiru, don na san ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Viktor Axelsen ɗin nan na ƙasar Denmak ba ƙaramin gwani ba ne, shi ya ɗauki zinare a gasar Olamfik ta Tokiyo, ya sake ɗauka a Faris a 2024, kuma ba laifi yaro ya yi sha'awarsa. Amma sha'awar mutum daban, ɗaukar kayansa daban.

A ranar ya kara da mai faci, dattijon da ya ba hamsin baya, mai ɗan tumbi, wanda raket ɗinsa ya fi shekara goma. Da ma yaron ne yake cin sa kullum. Sai ga shi duk ƙwallon da ta zo masa a jiki, kafin ya juyo da kan raket ta riga ta wuce. In ya cilla daga baya, maimakon ta kai layin ƙarshe sai ta faɗo tsakiyar fili, daidai inda mai faci yake jira da hannu a sama. Shafar nan tasa ta bakin raga kuwa ta ɓace ɓat, ko ta maƙale a raga ko ta yi tsalle sama a murƙushe ta. Aka tashi 21 da 9, aka sake 21 da 11. Yaron ya ce bai saba ba ne. Aka yi mako guda, aka yi biyu. A na uku na lura ko buta zai ɗauka sai ya yamutse fuska, gwiwar hannunsa ta dama ta ɗauki zafi. Kuɗin riɗi ya sayo masa ciwo.

Edita, abin da yake ba ni mamaki shi ne, wannan yaron in ka aike shi kasuwar Gujungu ya sayo fartanya, ba zai taɓa miƙa kuɗi ba sai ya ɗaga ta, ya auna ƙotar da hannunsa, ya yi sara biyu uku a ƙasa ya ji yadda take sauka. Ya san garmar huɗa ba ita ce ta noman firi ba, ya san wadda ta dace da babansa ba za ta dace da ƙanensa ba. Amma da aka zo kan raket, wanda kuɗinsa ya ninka na fartanya ban san sau nawa ba, sai ya saya da ido da sunan wani Bature. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Tunda wayoyi suka cika ƙauye, samarinmu suna kallon manyan gasanni a YouTube, kowa so yake ya riƙe abin da zakara ya riƙe.

To bari in faɗi abin da na sani, ko wani ya tsira da kuɗinsa da gwiwar hannunsa.

In ka duba mazugin da ke saman mariƙin raket za ka ga an rubuta wani abu kamar 3U ko 4U. Nauyi ke nan, kuma a juye yake tafiya: lamba tana hawa, nauyi yana sauka. 2U giram 90 zuwa 94 ne, 3U giram 85 zuwa 89, 4U giram 80 zuwa 84, 5U kuma 75 zuwa 79, duk kafin a sa tsirkiya. Tazarar da ke tsakani ba ta wuce nauyin ita ƙwallon gashin ba, wadda take kusan giram 5. Wani zai ce wannan ai ba komai ba ne. To ya ɗaga ta sama da kafaɗa sau ɗaruruwa cikin awa guda, sannan ya zo mu yi magana. Mafi yawan masu wasa tsakanin 3U da 4U suke, kuma ni ga wanda yake farawa, ko mace, ko mai yawan buga wasan bibbiyu, 4U nake cewa ya nema.

Sai dai ba nauyin ne babbar magana ba, inda nauyin ya zauna shi ne. Gatari da sandar makiyayi za su iya yin nauyi ɗaya a sikeli, amma ba ɗaya suke a hannu ba, don shi gatari duk ƙarfensa a kai yake. Haka raket. Gwajin ba shi da wuya, a gaban mai shago ma za ka iya yi. Ka miƙe ɗan yatsa, ka kwantar da wuyan raket a kai, ka riƙa matsar da shi har ya tsaya bai rinjayi ko'ina ba. Sai ka auna daga gindin mariƙi zuwa inda yatsanka yake. Shi raket gaba ɗayansa doka ba ta yarda ya wuce santimita 68 ba. In awon ya haura kamar santimita 29.5, to mai nauyin kai ne. In ya gaza kamar 28.5, mai sauƙin kai ne. Abin da ke tsakani shi ne madaidaici. Kamfanoni sukan ɗan saɓa a wurin yanke iyakar, amma ba da nisa ba. Ni har yanzu in zan shiga birni sayen raket sai na ari awon telanmu na cusa a aljihu. Wani yaron shago ya taɓa tambayata ko riga zan ɗinka wa raket ɗin.

Mai nauyin kai na masu sara ne, wato mutumin da yake tsayawa a baya, yana da kafaɗa, yana jiran ƙwallo ta tashi ya dankara ta ƙasa. Nauyin kan yana ƙara wa saran ƙarfi, kuma yana taimakawa wajen cilla ƙwallo daga layi zuwa layi. Farashinsa shi ne jinkiri: in aka saro maka, ko aka shiga musayar nan ta sauri a tsaye, kan ba ya juyawa da wuri. Mai sauƙin kai kuwa na masu tarewa ne da masu wasan bakin raga, waɗanda abincinsu saurin hannu da yaudara, musamman wanda yake tsayawa gaba a wasan bibbiyu. Shi madaidaici ba ya yi maka rowa ba ya yi maka kyauta, kuma shi ya kamata duk wanda bai gama gane irin wasansa ba ya fara da shi. Kamfanin Yonex na Japan ya ma sauƙaƙa abin da sunaye: Astrox masu nauyin kai ne, Nanoflare masu sauƙin kai, Arcsaber madaidaita. Li-Ning na Chaina da Victor na Taiwan su ma kowa da irin rabonsa.

Ga wani abu da nake gaya wa samarinmu masu ganin in ba gatari ba babu sara. Saran da ya fi kowane gudu da aka taɓa aunawa, wanda littafin Guinness ya shigar, na wani ɗan Indiya ne, Satwiksairaj Rankireddy, a 2023: kilomita 565 a awa. Da Nanoflare 1000Z ya yi shi, wato mai sauƙin kai. Gaskiya ne a ɗakin gwaji na kamfanin aka auna, ba a tsakiyar gasa ba, amma duk da haka ya isa ya nuna cewa saurin da hannu ya kaɗa raket shi ne uwa. In raket ya yi maka nauyin da ba ka iya kaɗa shi da sauri, ƙarfin da aka yi maka alkawari a jikin kwali ba zai taɓa fitowa ba.

Daga nan sai wuya, wato siririn karan da ya haɗa kai da mariƙi. Wani yana lanƙwasa kamar tsumagiya, wani kuwa a sandare yake. Ka kama kai da hannu ɗaya, mariƙi da ɗaya, ka ɗan tanƙwara a hankali, za ka ji bambancin. Na ce a hankali, kada ka karya wa mutane kaya ka ce ni na sa ka. Mai laushi yana lanƙwashewa ya dawo, ya ƙara wa ƙwallo tafiya ko da bugunka ba shi da zafi, don haka shi ne abokin mai koyo da dattijo irina. Mai tauri ba ya lanƙwasa sai ga hannun da yake fizga kamar walƙiya. A wurin gwani yana kai ƙwallo daidai inda aka aike ta, a wurin wanda bai kai ba kuwa kamar buga ƙwallo da muciya ne, duk girgizar a gwiwar hannu da kafaɗa take ƙarewa. Na ɗan ƙanena yana cikin mafi tauri da kamfanin yake yi. Ka ga an haɗa masa biyu ke nan.

Na uku, wanda ya ƙarasa shi, shi ne ɗaurin tsirkiya, kuma a nan ne na fi ganin ana tafka kuskure. Samari sun ɗauka yawan fam shi ne yawan ƙarfi, har gasa suke yi a baki: nawa 26 ne, nawa 28. Alhali a juye abin yake. Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaɗi ya san fatar da aka ja ta yi tsauri sautinta siriri ne mai kaifi, amma sai an doke ta a daidai wurin. Tsirkiyar da ba a tsananta ɗaurinta ba tana lotsawa ta turo ƙwallo da kanta, kuma cibiyarta, wato wurin da in ƙwallo ta sauka take tashi da daɗi, tana da faɗi. Kana ƙara ɗauri cibiyar tana tsukewa. Manyan 'yan wasa suna kai nasu fam 30 ko sama da haka saboda su kusan kowane bugu a cibiya yake sauka, kuma in ta tsinke akwai mai ɗaura musu wata nan take. Mu fa? Mai koyo fam 20 zuwa 22 ya ishe shi. Wanda hannunsa ya zauna ya je 23 ko 24. Ni da na fi shekara arba'in ina wasan nan ban taɓa wuce 24 ba, ban kuma ji na rasa komai ba. Ka ƙara da cewa mu ƙwallon roba muke bugawa, don ta gashin gaske, mai gashin dinya ko na agwagwa guda 16, wasa ɗaya ko biyu take yi ta zama tsintsiya. Ita ta roba ta fi dukan tsirkiya da hannu, don haka mai buga ta gara ya rage fam ɗaya ko biyu. A jikin kowane raket na kirki an rubuta iyakar ɗaurin da zai iya ɗauka, a duba kafin a ba mai ɗauri umarni.

Ita kanta tsirkiyar akwai siririya akwai kakkaura. Siririya tana da daɗin sauti da tashi, amma ba ta da rai. Mu da babu injin ɗauri a duk yankinmu, sai mun tara raket uku huɗu mun ba direba ya kai Kano, babu abin da ya fi mana irin BG65 mai kaurin milimita 0.70, wadda take jure wahala kamar jakin Kano. In kuwa ta tsinke, a sa almakashi a yanke sauran duka a ranar, a fara daga tsakiya. In aka bar ta, ɓangare ɗaya yana ja ɗaya ya saki, kan raket sai ya karkace ya koma kamar ƙwan da aka zauna a kai. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Na yara ƙanana kuwa, irin na ƙarfen nan, mai facinmu ne yake saƙa musu da basilla da zaren fatsa da yake samowa wurin masunta na bakin kogin Haɗejiya. Ba ya kai ko fam 15, amma yara ba ruwansu.

Mariƙi ba sai na tsawaita ba. G4 da G5 aka fi samu, kuma nan ma babbar lamba ita ce siririya. In ka riƙe, ya kasance akwai 'yar tazara tsakanin kan yatsunka da tudun tafin hannu. Gara ka sayi siriri ka naɗa masa abin ƙari da ka sayi kakkaura, don wannan ba shi da magani. Abin da zan roƙi samari shi ne a daina naɗa robar tayar keke ninki biyar. Tana da nauyi, tana mayar da rinjayen raket baya, ga santsi in gumi ya zo. Na taɓa ganin raket ya suɓuce daga hannun wani ɗan acaɓa ya tashi sama ya kwana a kan katakon rufi. Ƙyallen tawul ya fi ta sau goma.

Kada a ce na wanke kaina tas na shafa wa yaro. Ni ma an taɓa yi min. Shekarun baya na shiga wani shago a birni, na ga raket mai sunan babban kamfani, yana ƙyalli, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da na san ana sayar da irinsa ba. Maimakon wannan ya sa in tsargu, sai na ce yau na yi tsintuwa. Mai shagon ya ce min, "Alhaji, wallahi saura shi kaɗai." Ashe kallon kitse nake yi wa rogo. A kwana na huɗu muna wasan bibbiyu, raket ɗina ya ɗan gogi na abokin wasana, gogar da ba ta isa ta kashe ƙuda ba, sai ji na yi ƙas, kan ya rabe biyu. Da na koma, mai shagon ya ce ai shi bai taɓa ganina ba. Tun daga ranar na koyi duba abubuwa. Na Yonex na gaske yana da lambobi a wuri biyu, a wuya da kan mazugi, kuma sassaƙa su aka yi, in ka bi da farce za ka ji su. Na jabu sau da yawa fenti ne kawai aka buga. Rubutun jabu yakan yi kauri ko ya karkace. Amma babbar alama ita ce kuɗin. Araha ba ta ado. In kuɗinka bai kai na babban suna ba, ka sayi ƙaramin samfuri na gaske daga kamfanin da aka sani, ko na gwanjo mai lafiya bayan ka bi kansa da yatsa ka tabbatar babu tsaga. Ya fi maka jabun da aka rubuta wa sunan zakara.

Ban raina raket ɗin ƙarfen nan da ake sayarwa bibbiyu a leda ba, masu gaɓa a inda kai ya haɗu da wuya. Da yawansu sun haura giram 100, ba kuma sa ɗaukar ɗauri, amma da su yaran unguwarmu suke koyon haɗa ido da hannu a ƙofar gida bayan la'asar. Sai dai yaro in ya fara shiga fili da gaske, a fitar da shi daga ciki, a nema masa na garafait, wanda aka zuba shi a dunƙule babu gaɓa.

Sai kuma yanayinmu, wanda babu ɗan kamfanin da ya zauna a Jigawa a watan Afrilu balle ya rubuta shi a kwali. Kada a bar raket a cikin mota a rana, ko a rataye shi dab da rufin kwano. Zafi yana sassauta tsirkiya, yana gajiyar da kan. Da hunturu kuma tsirkiya takan bushe ta tsinke ba gaira ba dalili, gashin ƙwallo ya riƙa karyewa kamar karan dawa. In mun samu ta gashi a lokacin, sai mun kara bakin kwalinta a tururin ruwan zafi na ɗan lokaci, mu rufe ta kwana. Ta roba kuma a duba launin zoben da ke gindinta: kore mai jinkiri ce, shuɗi matsakaiciya, ja mai gudu. A zafinmu ƙwallo tana ƙara gudu, don haka ja ba tamu ba ce. Wani sai ya ɗora wa raket laifin ƙwallonsa da take fita waje, alhali zoben ne bai duba ba.

Edita, na san shafinku na wasanni na Real Madrid ne da Barcelona da Kano Pillars, ni ma ina karantawa, ba na ƙi. Amma wasan nan ya shiga Olamfik tun 1992, kuma 'yan ƙasar nan suna taka rawa a cikinsa. Anuoluwapo Opeyori ya riƙe kambin Afirka ba sau ɗaya ba, ya je Tokiyo ya je Faris. Mariam Eniola Bolaji ta ciyo tagulla a gasar nakasassu ta Faris a 2024, ita ce ta farko daga duk Afirka da ta samu lambar badmintin a irin wannan mataki. Ranar da na nuna hotonta ga wata yarinya a garinmu da shan-inna ta taɓa wa ƙafa, sai da ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo. Yanzu tana cikin 'yan mata shida da wata malama take kawowa sito ranar Asabar da safe, in mun ba su wuri. 4U mai laushin wuya na ba ta, an ɗaure a fam 20, kuma cillinta yana kai layin baya. Ko sau ɗaya a wata ne ku ba wasan nan rabin shafi. Su kuma masu shagunan kayan wasanni na Kano da Dutse, don Allah in yaro ya shigo da kuɗin riɗinsa ko na zoɓorodonsa, kafin a miƙo masa mafi tsada a tambaye shi: a gaba kake tsayawa ko a baya? Ɗaiɗai kake bugawa ko bibbiyu? Shekararka nawa kana wasan? A bar shi ya kaɗa raket ɗin sau goma a cikin shagon ya ji.

Shi ɗan ƙanen nawa, sai da ya huta mako uku, ma'aikacin asibitinmu ya ɗaure masa hannun ya hana shi ko ɗaukar guga. Rannan da daddare ya same ni a zaure, ya zauna a ƙasa ya daɗe yana wasa da bakin tabarma.

"Baffa, ko za a samu mai saye?"

Na ce, "Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ka kai wa birkila ya gwada."

Dogon birkilan nan, wanda yake cilla bulo sama da hannu ɗaya, da ma shi a baya yake tsayawa, bai san komai ba sai sara. Aka yanke tsirkiyar, aka aika Kano aka sake ɗaurewa a fam 24. Ranar da ya fara sara da shi sai da tantabarun da ke cikin rufin sito suka tashi. Ba shi da kuɗin biya a dunƙule, sai suka shirya: ya ba da rabi, sauran kuma zai yi wa ɗakin da yaron yake ginawa filasta. Da rabin nan muka samo wani 4U na gwanjo mai sauƙin kai, ba shi da suna a bakin samari, an ɗaure a fam 22. Na auna shi da awon tela a gabansa, santimita 28.

Jiya suka sake karawa da mai faci. Yaron ya ci na farko 21 da 15, dattijo ya ƙwace na biyu, ana 8 da 8 a na uku aka kira magariba. Sun ajiye sai ranar Laraba, kuma mai faci ya ce duk wanda ya faɗi shi zai sayo kwalin ƙwallo na wata mai zuwa, mai koren zobe.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Tsohon malamin wasanni,
daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.